Rariyar Haske: Tarihin Gilashin da Ya Raba Gajimaren Sama da Fitilun Birni

A cikin kayan aikin masu sha'awar kallon taurari akwai wani ɗan gilashi da faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. In ka riƙe shi a hannu sai ka ga yana walƙiya kamar madubi, in kuwa ka leƙa ta cikinsa sai duniya ta yi duhu, komai ya koma kore-kore. Ana ɗaura shi ne a bayan ƙaramin gilashin da mutum ke sa ido a madubin hangen nesa. Masu abin suna ce masa filta, ni kuwa a nan zan riƙa kiransa rariyar haske, domin aikinsa ke nan: ya tankaɗe hasken fitilun gari, ya bar na gajimaren da ke can cikin sararin samaniya ya wuce.

Wanda bai san abin ba zai yi mamaki. Haske ai haske ne, ta yaya gilashi zai gane wannan daga fitilar bakin titi ya fito, wancan kuma ya yi shekara dubu yana tafiya kafin ya iso? Amsar tana cikin tarihi biyu da suka yi ta tafiya kowanne a hanyarsa, sai a ƙarni na 20 suka gamu. Ɗaya tarihin masana falaki ne da suka nace sai sun san da me aka yi gizagizan sama, ɗayan kuma tarihin biranen da suka ɗauri aniyar korar dare. Gamuwarsu ta haifar da wani sulhu wanda ya yi aiki na 'yan shekaru, yanzu kuma yana tangal-tangal. Mu da ke zaune a bakin Sahara muna da ruwa da tsaki a cikin maganar, kamar yadda za mu gani a gaba.

Ɗan gajimaren da ba ya motsi

Wajen shekara ta 964 wani masanin falaki a ƙasar Farisa, Abdurrahman Assufi, ya kammala littafinsa kan siffofin taurari. A ciki ya ambaci wani ɗan tabo mai kama da gajimare a rukunin taurarin da ake kira Andromeda. Gajimaren ruwa yana zuwa ya wuce, wannan kuwa kullum yana nan inda yake. Da idonsa ya gan shi, ba madubi ba komai, don a zamaninsa daren birni da na daji ba su da wani bambanci.

Bayan an ƙirƙiro madubin hangen nesa sai irin waɗannan tabo suka fara yawa. A 1610 wani Bafaranshe, Peiresc, ya ga wani hazo mai haske a rukunin Oriyon, kusa da taurarin nan uku da ke jere, waɗanda muke gani sosai a daren hunturu. Turawa suka ara wa irin wannan abu kalmar Latin, nebula, wadda ma'anarta hazo ko gajimare. Charles Messier, wanda sana'arsa farautar tauraruwa mai wutsiya ce, ya gaji da yadda waɗannan tabo ke ruɗa shi, sai ya tsara jerinsu don a daina ɗaukarsu a matsayin abin da ba su ba. Jerin farko ya fito a 1774 da guda 45, na 1781 ya kai 103. Abin lura a nan shi ne inda ya yi aikin: a tsakiyar birnin Faris, daga saman wani gini. Yau in ka tsaya a wannan wuri da irin madubinsa, mafi yawan abin da ya rubuta ba za ka gani ba.

William Herschel da ƙanwarsa Caroline a Ingila suka kai lissafin wajen 2,500. Amma yawan lissafi bai warware gardama ba. Wasu na cewa kowace nebula tarin taurari ce da ta yi nisa har ido ya kasa rarrabe su, kamar yadda garken tumaki ke zama farin tabo in ka hango shi daga nesa. Wasu kuma na cewa a'a, akwai wani abu mai kama da hayaƙi da ke haske da kansa. A 1845 Lord Rosse ya gina madubin da ya fi kowanne girma a duniya a ƙasar Ayalan, faɗinsa kusan mita 2, kuma ba da jimawa ba aka ba da sanarwar cewa ya ga nebular Oriyon ta rarrabu zuwa taurari. Mutane da yawa suka ɗauka an rufe magana.

Daren 29 ga Agusta, 1864

Abin da ya buɗe maganar ba girman madubi ba ne, wata dabara ce ta daban. Tun zamanin Newton an san cewa in farin haske ya ratsa gilashi mai kusurwa uku yakan bazu ya zama launukan bakan gizo. Mu ma'aikatan rediyo da masu saurarenmu muna da hanya mai sauƙi ta fahimtar wannan. Wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a gajeren zango, mita 16 ko 19 ko 25, ya san kowace tasha tana da mazauninta. To, haske ma ɗan gidan su igiyar rediyo ne, sai dai zangonsa ya yi gajarta ƙwarai, har ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana kama daga wajen nanomita 400, inda shuɗi mai duhu yake, zuwa wajen 700, inda ja yake. Kowane launi tasha ce a kan wannan layi.

A 1859 da 1860 Jamusawa biyu a Heidelberg, Kirchhoff da Bunsen, suka tabbatar cewa kowane sinadari in ya yi zafi ya zama iska, a wasu ƙayyadaddun tashoshi kaɗai yake fitar da haske, kuma ba ya sauya su. Barbaɗa gishiri a wutar gas ka ga ta yi ruwan ɗorawa. Sinadarin sodiyam ne da ke cikin gishirin yake magana a tasharsa ta nanomita 589. Tauraro kuwa, ko baƙin ƙarfen da maƙeri ya gasa, yana watsa haske a dukan tashoshi gaba ɗaya.

William Huggins ɗan kasuwa ne a Landan wanda ya sayar da kasuwancin gidansu ya gina ɗakin kallon taurari a unguwar Tulse Hill. A daren 29 ga Agusta, 1864, ya juya madubinsa mai inci 8, da na'urar rarraba haske a bayansa, zuwa wata 'yar nebula da yau ake kira Idon Kyanwa. Da tarin taurari ce, da ya ga bakan gizo cikakke. Abin da ya gani da farko layi ɗaya ne tak, siriri, kore. Da ya ƙara ƙura ido sai ya ga wasu biyu marasa ƙarfi a gefensa. Wannan nebula iska ce mai haske. Da ya juya kan ɗan gajimaren Assufi na Andromeda kuwa, sai ya ga haske a bazu a duk launuka, irin na taurari. Ashe ɓangarorin biyu kowanne yana da rabin gaskiya. Wasu tabon garken taurari ne masu nisan gaske, waɗanda yau muke kira galaksi, wasu kuma gizagizan iska ne a cikin namu garken.

Mai karatu ya riƙe wannan, don a kansa duk labarin ya rataya: nebula mai iska tana zuba kusan dukan haskenta a tashoshi 'yan kaɗan.

Sinadarin da babu shi

Ɗaya daga cikin layukan uku na Huggins an gane shi nan da nan, na haidurojin ne a nanomita 486. Sauran biyun, a 496 da 501, babu sinadarin da aka taɓa gani a ɗakin gwaji yana fitar da su. Da ma a 1868 an ga wani baƙon layi a hasken rana, aka ce sabon sinadari ne aka raɗa masa suna hiliyam, kuma a 1895 William Ramsay ya samo shi a nan doron ƙasa. Ganin haka sai aka ce wannan ma sabo ne, aka sa masa suna nebuliyam, aka zauna jiran ranar da za a tono shi.

Ranar ba ta zo ba. Zuwa 1914 aikin Henry Moseley ya nuna cewa a jerin sinadarai marasa nauyi babu gurbin da ya rage wanda za a saka baƙo. Haka aka zauna da suna ba mai suna, har 1927, lokacin da Ira Bowen, masanin fiziya a Pasadena ta jihar Kalifoniya, ya lissafo amsar. Nebuliyam ba kowa ba ne illa oksijin, iskar da ni da kai muke shaƙa, sai dai hasken wani tauraro mai tsananin zafi ya fizge wa kowace ƙwayar zarrarta elektaron biyu.

To me ya hana a ga wannan koren haske a ɗakin gwaji? Irin wannan ƙwayar zarra in ta samu ƙarin ƙarfi takan riƙe shi sama da rabin minti kafin ta sake shi a matsayin haske. A duniyar ƙwayar zarra wannan jira ne mai tsawon gaske. Iskar da ke kewaye da mu kuwa cunkushe take: a cikin ɗan murabba'in da bai fi ƙwayar sukarin shayi girma ba, santimita ɗaya ta kowane gefe, yawan ƙwayoyin iska ya kai lamba 25 da sifili 18 a bayanta. Kafin ƙwayar ta yi haske wata ta bangaje ta ta ƙwace ƙarfin, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a cikin turmutsitsin ranar kasuwa. A cikin nebula, wannan ɗan murabba'i bai fi ɗaukar ƙwayoyi ɗaruruwa ko dubbai ba. Babu mai bangazar wani, kowace sai ta cika lokacinta ta saki haskenta. Da yake gajimaren yana da faɗin da haske kansa sai ya yi shekaru kafin ya ratsa shi, ɗan abin da kowace ƙwaya ta bayar sai ya taru ya zama abin gani. Shekara 63 aka yi tsakanin ganin layin da sanin mai shi.

Akwai kuma wata dacewa. In ido ya saba da duhu, inda ya fi kaifi shi ne wajen nanomita 507. Babbar tashar oksijin tana 501. Kamar an auna.

Birni ya kunna wuta

Yayin da masana ke wannan fafutuka, birane na tasu. Faris ta fara rataya fitilu a tituna bisa umarnin sarki a 1667. An kunna fitilun gas a titin Pall Mall na Landan a 1807. A 1882 Edison ya buɗe tashar lantarkinsa a birnin New York. Babu mai hankalin da zai ce wannan ba ci gaba ba ne. Ɓarawo ya rasa maɓoya, masana'anta ta samu aikin dare, mace ta iya fita bayan magariba. Amma fitilar da ba ta da marufi a kanta tana jefa wani kaso na haskenta sama. Can ya ci karo da iska da ƙura da raɓa, ya watsu, ya dawo ƙasa ta ko'ina. Shi ne wannan jan hazo da matafiyi ke hangowa a saman babban gari tun yana da nisan kilomita masu yawa. Hausawa sun ce rashin farin wata tauraro ke haske. Birni ya ƙera wa kansa farin watan da ba ya faɗuwa.

Cibiyoyin nazarin taurari su suka fara jin jiki. Ta Greenwich, wadda aka kafa a 1675, hayaƙi da fitilun Landan suka kore ta. Ta fara ƙaura zuwa ƙauyen Herstmonceux a 1948, ta gama a 1957. Can ma zaman bai yi daɗi ba, daga baya aka kwashe babban madubinta aka kai tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya, a tekun da ke yamma da Maroko.

Labarin da ya fi nuna darajar duhu shi ne na Dutsen Wilson, wanda ke kallon birnin Los Angeles. A nan aka kafa madubi mai inci 100 a 1917, kuma da shi Edwin Hubble ya tabbatar a shekarun 1920 cewa Andromeda wani garke ne daban, nesa da namu. Birnin na ƙara girma, sama na ƙara dusashewa. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka rage fitilun birnin don tsoron harin jiragen Japan. Yawancin masanan cibiyar sun tafi aikin yaƙi, aka bar Walter Baade, Bajamushen da bai karɓi takardar zama ɗan Amurka ba, don haka ba a yarda da shi a aikin soja ba. Ya samu madubi shi kaɗai, ya samu duhu. A 1943, da farantan hoto masu kama jan haske da jar rariya a gabansu, ya rarrabe ɗaiɗaikun taurari a tsakiyar Andromeda, abin da ya gagari kowa. Daga wannan aiki ya gano taurari jinsi biyu ne, kuma a 1952 ya sanar cewa nisan da ake ba galaksi ya kamata a ninka shi. Madubin bai sauya ba. Fitilu kawai aka rage.

Yaƙi ya ƙare, wuta ta dawo fiye da da. Amma irin fitilun da suka mamaye tituna bayan yaƙin sun zo da wani hali. Ƙwan Edison waya ce ke yin zafi, yana watsa haske a duk tashoshi, yana kuma shan wuta. Don a rage kuɗi sai aka koma fitilun da iska ke haske a cikinsu. Ta zaiba, mai haske fari-shuɗi, tana da manyan layukanta a nanomita 436 da 546 da wajen 578. Ta sodiyam, wadda kamfanin Philips ya fara sayarwa a 1932, kusan duk haskenta a 589 yake, ruwan ɗorawar nan ta gishiri a wuta. Ba don masana falaki aka ƙera su ba, amma dubi yadda abin ya faɗo: tsakanin 436 da 546 tituna sun yi shiru, kuma a cikin wannan fili tashoshin nebula uku suke, 486 da 496 da 501.

Yadda rariyar ke aiki

Sai dai gano fili daban, ƙera ƙofar da ta dace da shi daban. Gilashi mai launi na gargajiya yana barin tashoshi masu yawa su wuce, yana kuma cinye wanda ake so. Mafita ta fito daga masana'antar gilashin Jamus a shekarun 1930, inda aka koyi shafa wa gilashi wasu siraran shimfiɗu a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Kowace shimfiɗa kaurinta bai kai zangon hasken ba. In aka jera gomman su bisa lissafi, hasken da ke kai da komo tsakaninsu yakan kashe kansa a tashoshin da ba a so, ya ƙarfafa kansa a wadda ake so. Abin da aka ƙi ana mayar da shi baya ne, shi ya sa rariyar ke walƙiya kamar madubi.

Da farko manyan cibiyoyi kaɗai ke iya mallakarta. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ta shigo hannun talakan mai sha'awa, musamman ta hannun kamfanin Lumicon na Jack Marling a Kalifoniya. Tun daga nan rariyoyin suka kasu gida-gida. Akwai mai faɗin ƙofa, wadda ke toshe layukan zaiba da sodiyam ta bar saura. Akwai matsakaiciya, mai ƙofar wajen nanomita 25, wadda ke barin layukan nan uku na Huggins kaɗai. Akwai ta oksijin zalla, mai ƙofar nanomita 10 zuwa 12. Akwai kuma ta haidurojin mai 486, wadda ba ta da amfani sai ga 'yan nebuloli kaɗan, irin su Kan Doki, wadda Williamina Fleming ta fara lura da ita a farantin hoto a Harvard a 1888.

Wajibi ne a fahimci cewa rariya ba ta ƙara wa nebula haske ko kaɗan, tana ma rage mata ɗan abu. Bayanta take baƙantawa. In hasken gari ya bazu a tashoshi 300 kai kuma ka buɗe 12 kaɗai, ka zubar da mafi yawansa, nebula kuwa ta wuce kusan da dukan kayanta. Daidai da yadda akwatin rediyo mai kyau ke fito maka da murya ɗaya daga cikin shuuu ɗin tashoshi.

Misalin da masu abin suka fi bayarwa shi ne nebular Mayafi, wadda Herschel ya gano a 1784, ragowar wani tauraro da ya tarwatse shekaru dubbai da suka wuce. Faɗinta a sama ya kai a jera wata shida. A bayan gari, ba rariya, kana iya dubawa ka rantse ba komai a wurin. Ka ɗaura ta oksijin, sai ga zare-zaren haske kamar an wargaza auduga. Nebular Oriyon kuma, mai nisan tafiyar haske ta wajen shekara 1,350, sai fukafukanta su ƙara buɗewa.

Masu gogewa suna da ƙa'idojinsu. A yi amfani da ƙaramin ƙarfin kusantowa, don in an matsa girma da yawa hoton zai yi duhu ya ɓace. A ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, a nesanta waya. A yafa baƙin zane a ka, domin hasken fitilar maƙwabci in ya shigo ta gefe, fuskar rariyar za ta mayar maka da shi cikin ido. A riƙa kallon abu ta gefen ido, inda ƙwayoyin ganin dare suka fi yawa. Kuma kada a sa ran launukan da ake gani a hotuna. Ido a duhu toka-toka yake gani, wani lokaci da ɗan kore. Jan hasken haidurojin na nanomita 656, wanda ke cika hotuna, kyamara ce ke kama shi. Shahararren hoton nan na ginshiƙan nebular Mikiya da madubin Hubble ya ɗauka a 1995, da irin waɗannan rariyoyi masu ƙuntatacciyar ƙofa aka yi shi.

Iyakarta kuma a fili take. Galaksi da tarin taurari suna magana a duk tashoshi, don haka rariya tana dusashe su tare da hasken gari. Ɗan gajimaren Assufi ba ya amfana da ita yadda nebula mai iska ke yi. Haka ma hazon da ke kewaye da Kaza da 'Ya'yanta, domin ƙura ce da ke mayar da hasken taurari. Ga waɗannan, magani ɗaya ne, duhu na gaskiya.

Sulhun da ya fara warwarewa

Wasu birane sun gane cewa gyara daga tushe ya fi. Flagstaff a jihar Arizona ta kafa dokar hana fitilun talla masu haska sama a 1958, Tucson ta yi tata dokar fitilu a 1972. A shekarun 1980 San Jose da San Diego suka rungumi fitilar sodiyam mai layi ɗaya saboda cibiyoyin nazarin taurari da ke kusa da su. A 1988 David Crawford da Tim Hunter suka kafa ƙungiyar kare duhun sama ta duniya, a shekarar kuma Sifaniya ta yi dokar kare samaniyar La Palma.

Sai ga fitilar LED. A farkon shekarun 1990 Akasaki da Amano da Nakamura na Japan suka samar da shuɗiyar LED mai ƙarfi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farar LED shuɗiya ce mai haske wajen nanomita 450, aka lulluɓe ta da wani gari da ke juya wani kaso zuwa kore da ɗorawa da ja. Ba ta shan wuta, tana daɗewa, kuma tana watsa haske kusan a duk tashoshi. Rariya mai faɗin ƙofa ta rasa abin toshewa, don babu sauran layi ɗaya da za a ce shi ne mai laifi. Ta oksijin da matsakaiciyar har yanzu suna taimakawa saboda ƙuncin ƙofarsu, amma filin nan da ya kasance shiru yanzu akwai hayaniya a cikinsa. Ga shi kuma iska tana watsa shuɗin haske kusan ninki uku fiye da ruwan ɗorawar sodiyam. Sauƙin kuɗin ma ya sa inda ake kunna ɗaya yanzu ana kunna biyar.

Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna ƙarƙashin samaniyar da fitilu suka gurɓata, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farin gyauton taurarin nan da ke ratsa sama. Wani bincike da aka buga a 2023, daga rahotannin dubban masu kallo da ido, ya ƙiyasta hasken saman dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. Yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya kai shekara 18 za su koma 100.

Abin da ke hannunmu

Ita wannan taswira ta 2016 ta sa Chadi a sahun gaba na ƙasashen da mutanensu suka fi kowa samun sama mai tsabta, tare da Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Duk wanda ya taɓa kwana a hanyar Agadas, ko a ƙauyen da ke nesa da kwalta, ya san yawancin ƙasar Nijar ma haka take. Madugan ayarin gishirin Bilma da taurari suke ratsa Tenere. Abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi ya je Namibiya ya gani, a yankin NamibRand da aka keɓe don duhunsa tun 2012, yana nan bisa kan makiyayinmu kowane dare.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wannan duhu ba zaɓensa muka yi ba, rashi ne ya bar mana shi. Mafi yawan gidajen Nijar da Chadi ba su da lantarki. Ɗalibin da ke karatu a gindin fitilar titi, da ungozomar da ke karɓar haihuwa da tocilan, da mai shayin da ke tsoron 'yan fashi, ba wanda zai ce musu su haƙura da duhu don a ga nebula. Wuta za ta zo, kuma muna roƙon ta zo da wuri. Fitilun sola da ake ta kafawa a titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram da Njamena duk LED ne, wato mun tsallake zamanin da rariya ta fi amfani, mun faɗa kai tsaye cikin na hayaniya. Ƙurar hunturu kuma, da take cika mana sama wata da watanni, tana ƙara watsa duk hasken da ya tsere sama.

Inda muka fi Landan da Los Angeles sa'a shi ne yawancin turakun fitilunmu ba a kafa su ba tukuna. Su sai da suka kashe kuɗi suka ɓata, suka sake kashe wasu suna gyara. Abin da suka koya kuwa ba shi da tsada. Fitila ta kalli ƙasa, da marufi a kanta, kada a karkata ta sama. A zaɓi mai haske ɗorawa-ɗorawa maimakon fari fat mai kashe ido; Faransa ta sa wannan a doka a 2018. A rage ƙarfinta bayan dare ya raba, abin da ke ƙara wa batirin sola kwana. Hasken da ya tafi sama bai kori ɓarawo ba, bai taimaki mai tafiya ba, kuɗi ne aka watsa wa iska.

Rariyar haske shaida ce ta basirar ɗan Adam, tun daga koren layin Huggins har lissafin Bowen. Amma magani ce ta mutum ɗaya, mai madubi, mai ido ɗaya a kan gilashi, kuma ga jinsin abu ɗaya kaɗai. Ba ta iya mayar wa yaran unguwa Kaza da 'Ya'yanta. Wannan yana hannun magajin gari da ɗan kwangila da mai unguwar da za su tsaya a gindin turke su ce wa mai ɗaurawa ya sunkuyar da kan fitilar. Hausawa dai sun riga sun faɗa, rigakafi ya fi magani.